Tsutsar da ke Fangalin Malam Lawal

Malam Lawal kafinta ne a Abakpa, amma zuciyarsa tana lambu. Da ya idar da la'asar sai ya rufe shago, ya hau keke ya gangara bakin rafin da ke bayan Kurmin Mashi, inda yake da fangula na alayyafo da albasa, da kuma wani babban fangali ɗaya da ya fi so. Mahaifinsa tumatir yake sa wa wannan fangali, shi ma tun da ya gada bai taɓa sa masa wani abu ba. Kowace shekara tumatir. Yana ganin sauya masa shuka raina mamaci ne.

Maƙwabcinsa a lambun Adamu ne, taubashinsa, mai gyaran rediyo. Tun suna yara suke tsokanar juna, har furfura ta fito musu ba su daina ba.

"Bawa, ka zo gaida ubangidanka?" in ji Adamu duk yamma.

"Tashi ka karɓi kekena, ɗan rainin wayo."

A ranin da abin ya faru, irin Lawal bai tsira da kyau ba, sai Adamu ya cire masa dashe daga nasa renon. Tumatirin ya kama, ya yi kore, sannan ya tsaya cak. Da rana ya yi yaushi kamar ba a ba shi ruwa ba, ganyen ya koma rawaya. Lawal ya tumɓuke guda, ya ga saiwar duk ta yi ƙululu kamar carbi. Ya ɗaga kai ya dubi na Adamu, ga shi can jawur, rassa har suna rankwafawa.

Nan take ya yanke hukunci: Adamu ya zaɓe masu kyau, ya ba shi masu cuta. Bai tambaya ba, bai yi rigima ba, gaisuwa kawai ya ɗauke. Mutumin da ke sallah sahu ɗaya da ɗan'uwansa amma ya kasa amsa masa sallama a kan tumatir, ba shi da uzuri, komai tsawon gemunsa. Adamu ya yi ta jefo tsokana, babu mai cafewa, har ya gaji ya yi shiru.

Lawal ya hana fangalin ruwa sauran ranin gaba ɗaya. Ƙasa ta bushe ta tsattsage. Ya tara kara a kai ya cinna wuta. Da ruwan sama ya sauka ya reni irinsa da hannunsa, bai karɓi ko tsinke daga wurin kowa ba, ya dasa.

Saiwar ta sake yin ƙululu.

Ran nan Balki, 'yar Adamu, ta zo gaishe shi a shago. Malamar kimiyya ce a wata sakandaren 'yan mata. Ta ga busasshen tumatir a kan bencin aiki.

"Baba Lawal, yanzu kuma katako ya ƙare, tumatir ake ferewa?"

"Ke ma bakin ubanki gare ki."

"Ka ba ni saiwar nan da ɗan ƙasar wurin. Ranar Asabar ka zo makaranta ka ga wani abu."

Ya je, don yana son yarinyar. Ta riga ta jiƙa ƙasar da saiwar a ruwa. Ta ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ta sa ƙarƙashin madubin da ake duba ƙwayoyin cuta, ta ce ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Da farko haske kawai ya gani. Can sai ga wasu abubuwa sirara kamar zaren lilo, suna lanƙwasa suna miƙewa.

"Subhanallahi! Wannan a cikin ƙasata?"

"A cikinta. Tsutsa ce, ido ba ya ganinta. Ita ke shiga saiwa ta zauna, saiwar ta kumbura, ruwa ya kasa hawa."

"To ai na busar da wurin. Na ƙone shi."

"Wutar sama kawai ta taɓa, Baba. Uwar tana zuba ƙwai cikin wani abu mai yauƙi da ke rufe su, su jure fari, su jira laima. Danginsu ma akwai masu bushewa ƙayau kamar sun mutu, ruwa na taɓa su su motsa. Akwai na hamada, akwai na ƙasar ƙanƙara. Duk inda wahala ta zo, masu rauni su mutu, masu juriya su haihu, 'ya'yansu su gaji juriyar."

Lawal ya sake leƙawa, ya daɗe.

"Me ya sa ba ta cin na ubanki?"

"Tana nan a nasa ma, kaɗan. Shi bana tumatir, baɗi gyaɗa, wata shekarar masara, ba ta samun sakewa. Kai kuwa kowace shekara kana girka mata abincin da ta fi so."

Lawal ya miƙe. Ya sa hularsa daidai, ya sa mata albarka, ya fita.

Da yamma ya tarar da Adamu tsugune yana cire ciyawa. Ya jingine keke, ya yi sallama da ƙarfi. Adamu ya ɗago, ya dube shi sama da ƙasa.

"Wa alaikumus salam. Ashe bawan nawa ya warke daga bebantaka."

"Na zarge ka, ban kyauta ba. Ka yafe mini."

"Na yafe tun tuni. Amma kekenka ni ba zan ƙara riƙewa ba."

"Kana da irin gyaɗa?"

"A fangalin Kawu za ka sa gyaɗa?"

"Baba ya bar mini ƙasa ne, bai bar mini wasiyyar kiwon tsutsa ba."

Adamu ya yi dariya har ya zauna daɓas a kan kunya. Washegari suka tumɓuke mataccen tumatirin tare, suka ƙone shi a gefe, suka shuka gyaɗa suna gardamar wanda layinsa ya fi karkacewa.