Kwamfutar da Ba a Kashewa

Shekara goma sha ɗaya kwamfutar shagon Marlys tana kunne, ko sau ɗaya ba a kashe ta ba. Mijinta Lyle ne ya kafa wannan doka, har ya manna baƙin salatif a kan makunnin, ya jera batura a ƙarƙashin tebur saboda ɗauke wuta lokacin sanyi. Da ya rasu, doka ta ci gaba da aiki babu shi.

Shagon surfani ne a wani ƙaramin gari na arewacin jihar Wisconsin. Keken ɗinki ɗaya gare su mai kai huɗu, kwamfutar ke aika masa zane ta waya, shi kuma ya ɗinka. Tambarin 'yan kwana-kwana, hulunan mafarautan barewa, rigunan ƙwallon makarantar gari, duk Lyle ne ya zana su zare bayan zare, zane dubu biyu da ɗari uku. Kuma kaf ɗinsu suna cikin faifan ajiya guda ɗaya da ke juyawa a cikin kwamfutar. Babu kwafi a ko'ina.

A watan Oktoba faifan ya fara wani gurnani. Marlys ta kira yayanta Orrin, wanda ya yi ritaya daga kamfanin tarho shekara shida da suka wuce, tun daga nan yake neman abin da zai kwance. Ya zo, ya kara kunne a jikin kwamfutar ya daɗe.

"Tsufa ne," in ji shi. "Man cikinsa ya bushe. Lyle ya yi gaskiya: irin wannan faifan, in ya tsaya ya huce, allurar da ke karanta shi takan manne. Wani lokaci ya tashi, wani lokaci shi ke nan."

"To, ya za a yi, Yaya?"

Hanya biyu ce. Ta farko, a cire wayar keken a zuƙo zanukan ta nan a hankali, kwana tara babu ɗinki. Ta biyu, a ƙara wa kwamfutar sababbin faifai biyu a kwashe zanukan a cikinsu. Sai dai kwamfutar ta girmi duk wani faifai da ake samu yanzu, ba ta jin yarensu, dole a ƙera ɗan allon lantarki da zai shiga tsakani. Kuma ba a cusa allo sai an kashe wuta.

Marlys ta ce, "Kwana tara ana gab da lokacin farauta? Kai ma ka san ba zai yiwu ba."

Orrin bai matsa mata ba. Gaskiyar magana, tun kafin ta rufe baki ya fara zana allon a cikin kansa.

Ya sauka ɗakin ƙarƙashin gidansa, ya baje takarda. Aikin ba na wasa ba ne. Ramin da za a cusa allon haƙora sittin da biyu gare shi, kowanne da aikinsa, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya da mitar awon wuta. Ya gano wutar kwamfutar ba za ta iya tayar da faifai uku a tare ba, sai ya tsara su riƙa tashi bi da bi. Babu wurin ɗaura su a ciki, ya yanka farantin gashin kek na matarsa ya lanƙwasa, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Ya ma samo tagwayen kwamfutar a gwanjon wata coci domin gwaji. Allon farko ya yi hayaƙi. Na biyu ya yi aiki, amma bai yi masa kyau a ido ba, ya sake.

A Janairu Marlys ta kira shi.

"Kasuwa ta lafa. Zo mu yi kwana taran nan mu huta."

"Kwana tara na me? Allona zai kwashe su cikin minti arba'in."

"Ai sai an kashe ta, ko?"

"Minti uku da rabi kacal. Faifan ba zai ma huce ba. Sau talatin na gwada da agogon kicin."

"Kai dai tun muna yara ba ka bin hanyar da kowa ke bi. Ka tuna rediyon Baba?"

"Rediyon Baba ya yi magana."

"Bayan shekara biyu."

Ta yi dariya, ta bar shi. Yayanta ne, kuma shekara talatin da huɗu yana gyaran layukan tarho na gunduma guda ba a taɓa kai ƙararsa ba.

Ranar wata Asabar da safe, cikin Fabrairu, ya iso da allon a nannaɗe cikin tawul. Ya karkaɗe ƙanƙarar takalminsa, ya ƙi karɓar kofi don kada hannu ya yi rawa. Ya kwance kusoshin murfin, ya jera kayan aiki yadda ya saba, ya miƙa wa Marlys agogon kicin.

"Ke za ki ɓare salatif ɗin ko ni?"

Ita ta ɓare. Salatif ɗin ya taho da fentin wurin. Ta manna shi a gefen tebur, ta danna makunni.

Ƙarar ta yi ƙasa a hankali har ta ɗauke. Orrin bai taɓa jin shagon shiru haka ba, amma bai tsaya saurare ba. Ya cusa allo, ya ɗaura farantin, ya jona wayoyi uku.

"Nawa?"

"Uku da ashirin da biyar."

Ya kunna. Sabon faifai na farko ya tashi sumul. Bayan daƙiƙa biyu na biyun ya bi shi, daidai yadda aka tsara. Rubutu ya bayyana a fuskar kwamfutar: ta ga faifai biyu, ta gane girmansu. Wata huɗu na aiki, babu kuskure ko ɗaya. Daɗi ya kama Orrin har ya yi murmushi, kuma Marlys ta ga murmushin.

Tsohon faifan kuwa cewa yake ƙyas, ƙyas, ƙyas.

"Yaya, wannan ƙarar fa?"

"Mannewa ya yi. Akwai dabara."

Dabarun sanannu ne ga masu wannan aiki. Ya hura masa zafi da injin busar da gashi. Ya ƙwanƙwasa gefensa da gindin sukundireba. Daga ƙarshe ya ciro shi, ya riƙe a tafin hannu, ya murɗa da sauri yayin da Marlys ke kunna wuta. Faifan ya tashi. Sai dai da wata irin ƙara ya tashi, kamar ana kankare ƙanzo a tukunya.

Orrin ya fizge wayar faifan. Ya san wannan ƙarar. Allurar ta ɓalle tana karce fuskar faifan, kuma abin da ta karce ya zama ƙura, babu gwanin da zai mayar da shi. Ya ajiye faifan a kan tawul, ya zauna. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa ido, sai ya sa shi a kan allon, wanda har yanzu koriyar fitilarsa ke ci.

"Zanukan sun tafi?" in ji Marlys.

"Sun tafi."

"Duka?"

"Duka."

Ba ta yi kuka ba. Ta kashe agogon kicin, ta sa a aljihu. Ta je gaban keken ta tsaya tana duban ƙaramin gilashinsa. Keken yana riƙe zane ɗaya, na ƙarshen da aka aika masa, muddin ba a kashe shi ba. Na jiya da yamma na masu yashe masai ne: wata motar tanki mai idanu, tana washe baki. Lyle ya zana ta yana tsaki, ya ce bai taɓa yin abin banza irinta ba.

Marlys ta ɗauko baƙin salatif daga gefen tebur. Ya daina kamawa sosai, sai da ta danne shi da babban yatsa a kan makunnin keken.

Orrin ya gyara murya. "Wannan ɗin ana iya ciro shi. Ƙaramin allo kawai zan..."

"Yaya, tafi gida."

Bai tafi nan take ba. Yana tattara kayansa ya ga ta ɗaura ƙyalle huɗu, ta danna maɓalli. Babu wanda ya ba da aikin. Kawunan huɗu suka sauka a tare, suka fara ɗinka idon motar.