Layin da Mushe Danda Ya Hana Tsinkewa

Mushe Danda, wato Malam Danda a bakin masu Faransanci, shi ne mai duba malaman lissafi na lise-lise, manyan makarantun sakandaren Tasawa da Mayahi. Ya taɓa zuwa wani kwas a Yamai, tun daga nan bai ƙara cire kwat ba, ko rana na narka kwalta.

A taron malamai na Tasawa ya tsaya gaban allo yana bayanin deribe, wato awon yadda layi ke hawa ko gangara a wuri guda. Ya ce in layi ya tsinke, magana ta ƙare, ba abin aunawa.

Madam Shamsiyya, mai koyar da ajin ƙarshe, ta ɗaga hannu.

"Mushe, ai ana iya aunawa ko ya tsinke. Akwai deribe ta sama, akwai ta ƙasa."

"Wa ya gaya miki wannan tatsuniya?"

Ta tashi ta karɓi alli. Ta ja layi kwance har wani ɗigo, bayan ɗigon ta ci gaba da shi can sama, da giɓi a tsakani.

"In ka zo ta hagu, ba hawa, sifiri ke nan, ita ce ta ƙasa. In ka zo ta dama, hawan ba ya da iyaka, ita ce ta sama. Ba su haɗu ba, amma kowace tana nan."

Mushe Danda ya yi irin dariyar nan tasa ta hanci. "Madam, nan ba wurin zanen lalle ba ne." Malamai maza suka taya shi dariya, don shi ke ba su maki. Ta koma ta zauna.

Da aka yi taron Mayahi, sai ga shi ya zana layin nan, giɓi da komi, ya ce bincikensa ne na shekaru. Sai dai ya juya su, ya ba ta sama sifiri, ya ce ta ƙasa ce marar iyaka. Aka tafa masa sosai. Wani malamin garin Issawane har ya ɗauki hoton allon ya watsa a waya.

Hoton ya iso wa Shamsiyya tana tsakiyar darasi. Ta dube shi, ta ja tsaki, ta zana shi a allo ta ce wa ɗalibanta su nemo kuskuren. Kafin a kaɗa ƙararrawa rabin ajin sun gano.

Shi kuwa Mushe Danda, da damina ta wuce aka ƙara masa girma, aka kai shi Maradi.