Kul

Daren jiya Malam Ilu ya yi wani mafarki, kuma ko a mafarkin wayarsa tana hannunsa. Kwana uku ke nan da ya rubuta wa ɗansa Nafi'u, da ke karatu a Kanada, dogon saƙo cewa ranar Alhamis za a yi masa aikin zuciya. Amsar ta zo da haruffa uku: kul.

A mafarkin sai ya ga kansa a Ma'aikatar Ma'ana, inda awaki ke riƙe da ofisoshi. A waje ruwa na tashi daga ƙasa zuwa sama, mutane sun kifa lemominsu suna tafiya a kai. Ya bi layi shekara biyu, kamar yadda doka ta tanada.

Darakta wani bunsuru ne mai tabarau. Malam Ilu ya rusuna ya nuna masa wayar. Ya ce shi a Hausarsa kul kashedi ne, abin da ake ce wa yaro in ya doshi wuta. Shin ɗansa hana shi mutuwa yake yi?

Bunsurun ya ce a'a, wannan Turancin samari ne. Asalinsa sanyi. Daga nan ya koma abu ya burge, ya koma babu damuwa, ya koma na ji, a ƙyale ni.

"To wanne yake nufi, ranka ya daɗe?"

"Sai an ji muryar da aka faɗe shi da ita."

"Rubutowa ya yi."

"Allah ya ba ka haƙuri," in ji Darakta. Ya yagi shafin kalmar daga ƙamus ya cinye.

Sai ga Malam Ilu a gaban wani firiji mai tsayin bene. Ya buɗe. Nafi'u na zaune a ciki tsakanin robobin zoɓo, yana latsa waya. Uban ya roƙe shi ya faɗi kalmar da baki, sau ɗaya kawai, ya ji. Yaron ya buɗe baki, ƙanƙara uku suka faɗo, suka narke, suka hau sama.

"Baba, rufe ƙofar, zafi na shigowa."

Ya rufe a hankali, don kada ya dame shi.

Ƙarar waya ce ta tashe shi. Ya laluba da sauri har ya ture kwalbar magani. Batir ne ke sanar da shi ya kusa ƙarewa. Yau Laraba.