An Cire wa Maijidda Kai

Rahmatu na tsaka da ɗaura wa 'yarta Firdausi ɗankwalin Sallah sai ta ji ƙas! daga zaure. Ta leƙa. Yayanta Malam Maharazu ne a tsaye, gangar jikin 'yar tsana a hannun hagu, kan a hannun dama, kamar wanda ya gama yanka kaza.

"Yaya! Me ka yi haka?"

"Gyara ta na yi," in ji shi, ko a jikinsa. "Mai ido ce da hanci. Mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da irinta. In an cire kai kuwa, ta halatta. Ungo, ba ta abarta."

Ya wurga kan ta bayan katanga, ya kakkaɓe hannu.

Firdausi shekararta biyar, tana da in'ina. Tun da yaran makarantar allo a Mai'adua suka fara kwaikwayonta, "Fi-fi-fi-Firdausi," yarinyar ta kulle bakinta gam. Tun kafin azumi rabon da ta yi wa mutum magana, har uwarta. Da 'yar tsanar nan kaɗai take hira, wadda ta raɗa wa suna Maijidda. Rahmatu takan laɓe a bayan ƙofa ta ji tana yi mata wanka, tana yi mata faɗa, harshe na tafiya sumul. Ta nan kaɗai take jin muryar 'yarta. Shi ne yau, daga zuwa yawon Sallah gidan da aka haifi Rahmatu, mutum ya sa hannu ya ɓalle kan 'yar tsanar kamar rake!

"Ka tambaye ni? Ka san mece ce wannan a wurinta? Ai ko Nana A'isha an ce ta yi wasa da 'yar tsana!"

"Ke za ki koya mini hadisi, Rahmatu? Ke da 'yar tsanar kara kika yi wasa, ba ido ba baki, me ya same ki?"

"Ni baki gare ni, Yaya! Ita fa?"

"A gidana ba a ɗaga mini murya. Ku fito, mai Napep na jira."

Firdausi ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ƙona wa uwar rai ke nan. Ta karɓi gangar jikin, ta daɗe tana kallon ramin wuyan, sannan ta goya ta da ɗan zanenta.

Duk hanyar zuwa rijiyar Kusugu 'ya'yan Malam suna ta tsalle da busa balan-balan. Rahmatu ta sunkuya kusa da kunnen 'yarta.

"Zan saya miki wata, kin ji? Mai gashi. Yi wa Maijidda magana mana, ai tana ji."

Da wane kunnen za ta ji? Rahmatu ta ji haushin kanta ma.

Bakin rijiyar cike yake da 'yan yawon Sallah, kowa na son ya sha ruwan ya ɗauki hoto. Malam Maharazu ya kutsa, ana ta gaishe shi, "Allah ya gafarta Malam." Ya samo ruwa a kofi, ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana ba su yana sa albarka. Shi fa tuni ya manta da zancen. Da ya iso kan Firdausi sai ya durƙusa yana murmushi.

"Sha, 'yar gidan Kawu. Ke dai har yanzu ba a gaida mutane?"

Yarinyar ta dube shi ido cikin ido. Ta gyara goyonta.

"Kawu," ta ce da ƙarfi, "Allah ya isa tsakanina da kai."

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji tana salati. Ruwan kofin ya tsiyaye a kan babbar rigar Malam. Ƙaramar yarinya, ga malami, a bainar jama'a! Kowa ya juyo yana jiran uwar ta buge mata baki, don haka aka saba.

Malam Maharazu ya miƙe.

"Rahmatu! Kin ji abin da 'yarki ta faɗa mini?"

Hannun Rahmatu ya riga ya ɗaga da kansa. Ta tsaya. Ta sauke shi a hankali a kan kafaɗar yarinyar, ta jawo ta jikinta.

"Na ji, Yaya," ta ce. "Na ji sarai. Ko sau ɗaya harshenta bai sarƙe ba."