Aladun Nakazibwe a Gidan Surukinta

Da 'yarmu ta haihu, matata Nakazibwe ta ware 'yan aladu shida da aka yaye, ta aika wa surukinmu Lubega. A al'adarmu ta nan Masaka suruki ba ya tsayawa gaban uwar matarsa, balle ya tambaye ta me take zuba wa dabba. Matarsa kuwa a makarantar kwana ta girma, ba ta san komai a kan alade ba sai a tukunya.

Sai Lubega ya yi abin da yake gani girmamawa ce. Ya hau babur zuwa gari, ya sayo abincin kanti mai garin kifi da waken suya, ya cika musu kwamin da suke ci a ciki. Aladun da ba su san komai ba sai ganyen dankali da ɓawon ayaba da dusa.

Bayan kwana huɗu ya zo mini, ido ya faɗa.

"Baba, zawo suke. Ɗaya ma ba ya tashi. In suka mutu, da wace fuska zan bi ta hanyar nan?"

"Me ka ba su?"

Ya faɗa mini. Na ce, "Kai dai ka yi musu liyafar minista, cikinsu kuwa na talaka ne."

Muka ɗauko Namyalo likitar dabbobi. Ta taɓa cikinsu, ta ce ba cuta ba ce. Wai akwai wata 'yar tsoka kusa da tumbi da ke zuba ruwan narkar da abinci. Hanji ne ke aika mata saƙo ta cikin jini, ya ce ga abin da ya shigo. In an sauya abinci, sai ta ɗauki kwanaki kafin ta daidaita ruwan da sabon.

Na ce, "Likita, shekara arba'in ina yin wannan, yau na ji dalilinsa."

Ta ce, "To Baba, nawa za a haɗa tsohon da sabon?"

Nan ta ƙure ni. Gaskiya Nakazibwe ce ke haɗi, ni ɗaukar bokiti nake.

Na kai Lubega bayan gidanmu, na tsayar da shi cikin ayaba. Na shiga na gaya wa Nakazibwe. Ta fito ta ba shi baya, ta fuskanci bangon madafa, ta ɗaga murya.

"Bangon nan, in kana da kunne, a mayar da su kan ganye da dusa kwana uku, da ruwa mai ɗan gishiri. Daga nan cikin tafin hannu ɗaya na abincin masu kuɗin, a riƙa ƙarawa bayan kwana bibbiyu. Kuma wanda ba ya tashi a kawo mini shi."

Daga cikin ayaba aka ce, "Bango ya gode, Mama."

Biyar suka miƙe a gidansa cikin mako biyu. Na shidan ya warke a hannunta, ta ce ba za ta mayar ba.