Zarton da Ke Janyewa Hagu

Kafintan ya tsaya gaban injin yanka katako yana sosa ƙeya, kamar a can amsar take. Injin irin mai zarto kamar bel ne, wanda ke zagaya wili biyu, kuma kwanakin nan ya ɗauko wani hali: a ja layi miƙaƙƙe a kan katako, zarto ya fara bi lafiya lau, sai can tsakiya ya janye hagu abinsa.

Da wani aikin ne da sauƙi. Amma katakon maɗacin da ke jingine a bango guda ɗaya ne tak, Baba, mahaifin kafintan, ya adana shi tun kafintan bai yi gemu ba. Baban so yake a tsaga kaurinsa biyu, a yi wa jikarsa ƙyauren kabad biyu masu zane iri ɗaya. In zarto ya karkace a ciki, shi ke nan, babu na biyu.

Kafintan ya ƙara tamke zarton, zarton ya janye. Ya sassauta, ya janye. Ya goge wili, ya rage saurin turawa, har ƙasan ɗakin ya auna ko simintin ne ya zauna. Kansa ya ɗaure tamau. Makaniken da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo ya ce a canza inji, shi da ko kujera bai taɓa haɗawa ba.

Wata safiya kafintan ya yi sammako, ya tarar da Baba a kan benci da filaya, yana gyaran haƙoran zarto kamar kullum tun da ya bar aiki: wannan a lanƙwasa dama, wancan hagu. Sai dai Baba ya karkatar da kai, kuma haƙoran hagu sau biyu yake matsa su. Kafintan ya miƙa masa ruwa ta gefen hagu. Kofin na dab da kuncinsa, Baba bai gani ba.

Nan kafintan ya gane idon Baba na hagu ya daina gani, gyaransa ne ke sa zarto janyewa, tausayi ya kama shi.

"Baba, akwai sabon zarto a kabad."

"Wane sabo? Sa wannan, na gyara shi da hannuna."

Kafintan ya dubi maɗacin, ya dubi tsohon. Ya ɗora zarton Baba. Ya ɗauki guntun katako ya tura da hannu yana bin son ran zarton, har ya gane iyakar karkatarsa, sannan ya kwance ƙarfen da katako ke jingina da shi, ya karkatar da shi daidai haka ya ɗaure. Ya tura maɗacin a hankali. Katako ya rabu biyu sumul.

Baba ya shafa su da tafin hannu, bai kai su kusa da ido ba.

"Ka gani? Dama ƙarfen nan ne a karkace."

"Shi ne, Baba," in ji kafintan, ya mayar da kofin gefen dama.