Jan Zare a Hular Gola

Mashud ya ci amanar Haruna. Ya ɓata masa suna da gangan don ɗan 'yar'uwarsa ya samu gurbi, kuma mu goma sha huɗu muka ɗaga masa hannu ya yi. Ina cikinsu.

Mu 'yan Kumasi da ke aiki a Doha muna da ƙungiyar magoya bayan Shahon Zongo, kulob ɗin ƙwallon gora na unguwarmu, wasan da wasu ke kira hoki. Kayan wasan nan tsada gare su a gida, don haka mu ke sayen gorori da takalma a nan, duk mai tafiya hutu a cusa masa biyu ko uku a jaka. Daga nan al'ada ta zauna: kulob ba ya sallamar ɗan wasa ko ya yi musayarsa sai an ji ta bakin Doha. Mashud ne shugabanmu. Lodin kaya yake yi a filin jirgi, ya iya baki, kuma shi kaɗai ke waya da koci.

Ni gyaran jaka da takalmi nake yi a wani shago a kasuwar Souq Waqif. A azumin shekarar korona, da aka rufe gari jirage suka tsaya, Mashud ya kawo mini kwali ya ce in ajiye, ɗakinsu su shida ne, ba wuri. Kayan gola ne sababbi: hular kwano mai raga a fuska, da abin kare ƙafa, da safar hannu.

"Na Haruna ne," ya ce. "Nasa sun mutu."

Haruna shekararsa bakwai yana tsare mana gida. Kowa ya san ƙaton kai gare shi, tun yana makaranta Kabewa ake ce masa. Zaman kulle ya ishe ni, wata rana na ciro hular na gwada. Ta ƙi shiga, alhali kaina bai kai nasa girma ba. Na matsa, maɗaurin haɓa ya tsinke. Baƙin zarena ya ƙare, sai na ɗinke shi da ja, ɗinki a giciye yadda nake yi wa hannun jaka. Kunya ta hana in faɗa wa Mashud na tsinka, amma na kira shi na ce hular ta yi wa Haruna kaɗan.

"Tana buɗewa, Baba Bawah," ya ce. "Kai dai takalmi ka sani."

Ƙarfe da roba mai tauri ba sa buɗewa. Na san haka, amma na mayar da hular cikin kwali. Da jirage suka dawo, kwali ya tafi.

Shekara ta zagayo aka koma wasa a gida. Bayan babbar salla aka ci mu huɗu da nema. Ran Juma'a bayan la'asar muka taru a teburin shayinmu na bayan kasuwa, kowa da takunkumi a haɓa, kowa da maganarsa. Masahudu direban tasi yana cewa a kori 'yan baya gaba ɗaya, sun tsufa. Haulatu, wadda ta taɓa buga wasan kafin ta zo aikin otal a Lusail, tana cewa laifin koci ne da ya canja tsari.

Mashud ya bari muka gaji, sannan ya rage murya. "Ƙwallaye huɗun nan ba kuskure ba ne. An turo mini saƙon murya. Haruna ya sayar da wasan."

"Kunna mu ji," in ji Haulatu.

"Na yi rantsuwa ba zan kunna ba. Wanda ya turo mai iyali ne, za a gane muryarsa."

"Wa ya rantsar da kai, Yaya Mashud? Ta waya?"

"Ke kin fi koci sani? Shi ma ya ji." Ya juyo gare mu. "Akwai wani kulob a arewa da ke son Haruna, za su ba mu ɗan gaba mai gudu. Gola kuma akwai Fatawu a benci, jininsa na tafasa."

Masahudu ya yi dariya. "Fatawu naka? Ɗan Hajiya 'yar'uwarka? Wannan iska ma ture shi take yi."

"Nawa ne, ban musa ba. Don haka ni ba zan ɗaga hannu ba, ku ku yanke."

Wannan maganar ce ta kama mu. Muka ce mutumin nan adali ne. Hannu goma sha huɗu suka tashi, Haulatu ta rungume nata. Hular ta faɗo mini a rai a lokacin, na ture ta, don ban so a ce tsoho yana zargi ba hujja.

Aka yi musaya. Labarin ya riga Haruna isa arewacin Ghana, sabon kulob ɗin bai sa shi a wasa ko sau ɗaya ba. Wata takwas yana ɗumama benci, ya tattara ya dawo gida. Matan unguwa suka riƙa nuna uwarsa da baki a kasuwa.

Da gasar cin kofin duniya ta matso aka ɗebo masu gadi daga ko'ina. Ana cikin gasar, da hantsi, wani dogo cikin rigar gadi ya miƙo mini takalmi ya ce dunduniyar ta cinye, tsayuwa yake yi wuni guda a ƙofar tashar jirgin ƙasa a Lusail. Na ɗaga ido na ga kan.

"Kabewa?"

"Ni ne, Baba."

Bai yi mini ƙorafi ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ina ɗinki na tambaye shi hular da muka aika ta shige shi kuwa.

"Wace hula? Ni har na bar kulob da tsohuwata nake, wadda na ɗaure da igiyar takalmi."

Na ce ya nemo mini hoton Fatawu a raga. Ya buɗe waya, ya ja hoton da yatsu biyu har haɓar ta cika fuskar wayar. Ga jan zarena nan, a giciye.

Juma'ar nan teburin ya cika har da baƙin da suka zo kallon ƙwallo, tutar Ghana a wuyan kowa. Mashud yana tsaye yana bayanin ɗan wasan da za mu sayo baɗi. Na zo da Haruna na zaunar da shi a kujerata.

"Mashud, yaushe ka sayi hular da Fatawu ke sawa?"

Ya dubi Haruna, ya dube ni. "Bayan musaya mana. A Kumasi aka saya."

"Ka tabbata?"

"Baba Bawah, yau ranar murna ce. Yalla, a kawo wa tsoho shayi."

Na ajiye wayar a tsakiya, na ajiye ƙullin jan zarena kusa da ita. Na faɗi yadda kwali ya kwana a ɗakina, yadda na tsinka, yadda na ɗinke. Masahudu ya ɗauki jakarsa ya duba hannunta, wanda na gyara masa bara, ya kara da hoton.

"Ɗinkin Baba ne," ya ce. "Wallahi ko a mafarki na san shi."

"A azumin korona ke nan," in ji Haulatu. "Shekara guda da wani abu kafin wasan da ka ce an sayar. Ka sayi hula daidai kan ɗanka, ka zauna kana jiran ranar da za a ci mu da yawa."

"Kuskuren awo ne. Khalas, magana ta ƙare."

"To kunna saƙon," ta ce.

Ya riƙe wayarsa a ƙirji. Muka jira. Mai shayi ya zo ya koma. Masahudu ya kira koci a gabanmu ya buɗe murya, koci ya ce shi bai taɓa jin wani saƙo ba, Mashud ne ya ce masa duk Doha sun ji.

Na tashi na roƙi Haruna gafara a gaban kowa, don na ga alama tun farko na haɗiye. Ya ce ya yafe mini. Mashud bai roƙe shi ba, yana ta maimaita cewa Fatawu maraya ne, shi ya yi wa uwarsa alkawari. Maraici ba ya halatta ƙazafi, na faɗa masa haka a fuskarsa.

Koci ya ce gurbin Haruna na nan ranar da kwangilarsa ta gadi ta ƙare. Mashud kuwa mun tuɓe shi daga shugabanci, mun cire shi daga zauren wayarmu, mun sa ya ɗauki muryarsa yana cewa ƙarya ya yi, aka kunna a filin atisaye da ƙofar gidan uwar Haruna. Kujerarsa ta teburin shayi an mayar wa mai shago. Tun ranar ba wanda ya sake karɓar masa ko ƙulli ɗaya zuwa gida.